Wa Zai Riƙe Kwalin? 'Yan Jefi-Jefi da Makomar Wasan Labarin Teburi

Mutum biyar ne kewaye da teburin cin abinci. An kwashe kwanuka, an shimfiɗa wata taswira da aka zana da biro. Ɗaya daga cikinsu ya kafa kwali a gabansa yana kare takardunsa daga idon sauran, ya sassauta murya ya ce: "Kun iso bakin kogon. Ƙofar ƙarfe ce, a garƙame, daga ciki kuma kuna jiyo numfashin wani abu mai girma. Me za ku yi?" Wadda ke hannun damansa ta ce tunda ita ce ɓarauniya a labarin, bari ta gwada buɗe kwaɗon da allura. Ya ce ta jefa dayis. Ta ɗauki wani mai fuska 20, ta girgiza, ta jefa, ya tsaya a kan 4. "Allurar ta karye," in ji shi, "numfashin nan kuma ya ɗauke. An ji motsinku."

Wanda ya tashi yana jin "ga ta nan, ga ta nanku" ba zai sha wahalar gane wannan wasa ba. Akwai mai ba da labari, akwai masu saurare. Sai dai a nan aikin masu sauraren ya wuce cewa "ta zo mu ji ta". Kowannensu yana riƙe da mutum guda a cikin labarin, mayaƙi ko matsafi ko ɓarawo, shi ke magana da bakinsa, shi ke yanke masa shawara. Idan aka yi shakkar ko abin da ya ƙudurta zai yiwu, sai dayis, ɗan'uwan wanda ake jefawa a ludo, ya raba gardama. Ba caca ba ce, ba a sa ko sisi, kuma babu wanda ya ci balle wanda aka cinye. Mai kwalin shi ne jagora: shi ne duniyar, shi ne dodanni, shi ne alƙali.

Asalin abin Amurka ne. A 1974 kamfanin TSR da ke wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva a jihar Wisconsin ya buga wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka ƙirƙira, Dungeons & Dragons, wanda kowa ke taƙaitawa da D&D. Ƙananan littattafai uku ne a cikin akwatin kwali, kwafi 1,000 a bugun farko, dala 10 kowanne. Yau, bayan shekara 50 da ɗoriya, wasan da 'yan'uwansa sun bazu zuwa Turai da Japan da Brazil, taron Gen Con da ake yi duk shekara a Indianapolis kuma yana tara mutum sama da 70,000.

Mai kwalin da na ba ku labari ni ne, a shekarun da na yi karatu a Ingila, kuma abin da na gani daga bayan wannan kwali shi ya sa nake son tsoma baki a wata gardama da ta daɗe tana cin ma'abota wasan: shin 'yan jefi-jefi alheri ne ga wannan sha'awa, ko su ne za su ga bayanta?

Ɗan jefi-jefi ba ɓoyayye ba ne. Bai taɓa sayen littafin dokoki ba, wanda aka ara masa ma bai buɗe ba. Wata shida ana wasa da shi, har yanzu yana tambayar wane dayis zai jefa. Ya manta sunan sarkin da ya aike su aiki a zaman da ya wuce. In ranar wasa ta zo daidai da ƙwallo ko biki, to sai wani makon. Yana jin daɗin abin da gaske, amma abokai suka kawo shi, hira da dariya suka riƙe shi. A ɗaya gefen ga ɗan gani-kashe-ni, mai kanta cike da littattafai, wanda ke kwana yana shafa fenti a kan ƙananan mutum-mutumi, wanda zai gaya maka lambar shafin da wata doka take ba tare da ya duba ba.

Ƙorafin 'yan gani-kashe-ni yana da tushe, kada a raina shi. Suna cewa saboda neman 'yan jefi-jefi kamfanoni suna ta tsarma wa wasan ruwa har ya fara zama salam. Suna cewa baƙin nan D&D kaɗai suka sani, ka kawo musu wani wasan dabam su ce ba za su koyi sababbin dokoki ba, alhali na D&D ɗin ma ba su koya ba. Suna kuma cewa yayi ne ya kawo su, ran da yayin ya wuce za su watse su bar masu gida da kango.

Amsar farko tana cikin tarihin gidan da D&D ya fito. Kafin shi akwai wasan yaƙi na kan allo, inda ake shimfiɗa taswirar fagen daga ana tura ƙananan kwalaye a matsayin rundunoni. Gygax kansa daga can ya taso. A shekarun 1970 kasuwar wannan wasa ta bunƙasa a hannun kamfanoni irin su Avalon Hill da SPI, sai masu ƙirƙira suka shiga biyan buƙatar waɗanda suka fi ɗaga murya, wato ƙwararru masu neman ƙarin dokoki da ƙarin kama da gaskiya. A ƙarshen shekarun nan SPI ya fitar da wani wasa a kan yaƙin duniya na biyu a hamadar Arewacin Afirka, wanda aka ƙiyasta zai ci sa'a 1,500 kafin a gama shi. A cikin dokokinsa har da wadda ta ce sojojin Italiya suna buƙatar ƙarin ruwa saboda dafa taliya. Ƙwararru sun yi ta mamakin zurfinsa, amma wane baƙo ne zai leƙo ya ga wannan ya ja kujera? A 1982 SPI ya durƙushe, TSR ya karɓe kayansa. A 1998 Hasbro, babban kamfanin kayan wasan yara, ya saye Avalon Hill. Akwai wasu dalilan, rashin iya riƙon kuɗi da kuma kwamfuta da ta janye mutane, amma ƙofar shiga da ta yi ta ƙuntata tana daga cikin manya. Wasan yaƙin yana nan har gobe, a hannun tsirarun da suka riƙe shi da amana, sai dai bai sake komawa yadda yake ba.

D&D kuwa duk lokacin da ya haɓaka, ka duba za ka ga ƙofar baƙi aka buɗe. Akwatin masu farawa na 1977, da jan akwatin nan na 1983 wanda ke koya wa yaro wasan ta hanyar sa shi cikin wani ɗan labari shi kaɗai, su suka kai shi ɗakunan yara. A shekarun 1990 TSR ya koma buga duniyoyi iri-iri da tarin littattafai domin waɗanda suke ciki tuntuni, masu sayen suka rarrabu gida-gida, bashi ya yi masa katutu, har kamfanin Wizards of the Coast ya saye shi a 1997. Bayan shekara biyu Hasbro ya haɗiye shi ma Wizards ɗin. Bugu na uku a 2000 ya zo da lissafi mai yawa, na huɗu a 2008 ya raba kan masoya, da yawa suka koma Pathfinder na kamfanin Paizo da ya fito a 2009.

Bugu na biyar, na 2014, shi ya juya akalar, kuma dabara ɗaya ta isa misali. A da, in jaruminka zai kai sara, sai an zauna ana lissafi: ƙara 2 saboda ka zo ta baya, rage 1 saboda duhu, ƙara wani abu saboda tsafin da aka yi maka. Sabon bugun ya share mafi yawan wannan ya ce: in kana da rinjaye, jefa dayis biyu ka ɗauki babban, in kana cikin matsi, jefa biyu ka ɗauki ƙaramin. Wanda bai taɓa wasa ba zai gane wannan kafin shayinsa ya huce. Aka saki ainihin dokokin kyauta a intanet, aka sayar da akwatin masu farawa a kan dala 20. Sai ga iska ta kaɗo ta inda ba a zata ba. A 2015 wasu ƙwararrun masu sa murya a fina-finan zane da wasannin kwamfuta suka fara haska wasansu kai tsaye da sunan Critical Role, Matthew Mercer na jan ragama. A 2016 shirin Stranger Things na Netflix ya nuna yara suna buga D&D a ɗakin ƙasa. Da kullen korona ya zo a 2020, mutanen da ke zaune a gida suka cika dandalin intanet irin su Roll20 da Discord suna neman teburi. Kusan duk wanda waɗannan hanyoyi suka kawo, a matsayin ɗan jefi-jefi ya shigo. Shi ma ɗan gani-kashe-nin da ke ƙorafi yau, in ya tuna, akwai ranar da shi ne ke tambayar wane dayis zai jefa.

To in haka ne, ai sai a ce magana ta ƙare, 'yan jefi-jefi su ne makoma. Ba ta ƙare ba, domin akwai wani lissafi da ya bambanta wannan sha'awa da sauran. A wasan kati irin Magic: The Gathering, na Wizards of the Coast dai, kowane ɗan wasa sai ya sayi nasa katin. A D&D mutum biyar za su shekara suna wasa da littattafan mutum ɗaya. Manyan littattafan uku, kowanne kusan dala 50, jagora ne ke saye. Shi ke sayen littafin labari, da taswira, da mutum-mutumin dodanni. Sauran huɗun fensir ya ishe su.

Masu kamfanin sun san da wannan. A watan Disamba na 2022 shugabar Wizards of the Coast ta lokacin, Cynthia Williams, ta shaida wa masu zuba jari cewa D&D ba ya kawo kuɗin da ya kamata ya kawo, ta ce jagorori kusan kashi 20 cikin 100 ne na masu wasa amma su ne suka fi kashe kuɗi. Manufar a fili take: a nemo hanyar da sauran kashi 80 za su riƙa zaro kuɗi a kai a kai, kamar yadda ake yi a wasannin waya da kwamfuta. Dama a wannan shekarar Hasbro ya sayi shafin D&D Beyond a kan dala miliyan 146 da 'yan kai, shafin da ɗan wasa ke ajiye jaruminsa ya kuma biya kuɗin wata-wata in yana son ƙari.

Wata ɗaya bayan wannan magana aka ga iyakar wannan tunani. Tun 2000 akwai wani lasisi da ya ba kowa damar buga littafinsa a kan dokokin D&D ba tare da biyan komai ba, kuma ƙananan kamfanoni masu yawa a kansa suka ginu. A Janairun 2023 aka bankaɗo daftarin sabon lasisi da zai soke tsohon, ya kuma karɓi kashi 25 cikin 100 na duk abin da mai bugawa ya samu sama da dala 750,000. Wuta ta tashi. Mutane suka yi ta soke rajistarsu a D&D Beyond, Paizo ya sanar zai fito da nasa lasisin, kafin watan ya ƙare, ranar 27 ga Janairu, Wizards ya janye, har ya saki ainihin dokokin a ƙarƙashin Creative Commons, lasisin da ke ba kowa damar amfani da su, yadda ba zai iya sake karɓe su ba. Su wa suka tayar da wannan ƙura? Jagorori ne da ƙananan mawallafa da 'yan gani-kashe-ni. A teburina, biyu daga cikin 'yan wasan ba su ma ji labarin ba sai da na faɗa musu. Amma da na ce zan koma wani wasan, duk bina za su yi, don ni suke zuwa wa, ba tambarin da ke bangon littafi ba.

A nan gizo ke saƙar. Ɗan jefi-jefi ba ya iya wasa sai da jagora, jagora kuma shi ne abin da ya fi ƙaranci a wannan sha'awa. Duk inda ake neman teburi a intanet, da jagora ya ce yana da kujera huɗu sai ka ga masu nema sun ninka kujerun. Dalilin bai da wuyar ganewa ga wanda ya taɓa yi. Domin zaman sa'a huɗu na ranar Asabar, nakan ci daren Laraba da na Alhamis ina zana taswira, ina auna ƙarfin dodanni kada su kashe jaruman a karon farko kada kuma su yi sanyi, ina ƙirƙiro mai masauki da sunansa da irin muryarsa da sirrin da yake ɓoyewa. Ni ke bin kowa da saƙo ina tambayar wace rana ta yi masa. Ni ke tuna wa mai matsafi yadda tsafinsa ke aiki. Sai ranar Asabar da la'asar saƙo ya shigo: "Yi haƙuri, wani abu ya taso." Can wani ya shigo. Saura mutum biyu, an fasa. Ka yi haka sau uku a jere, jiki zai gaya maka.

Abin ya ƙara nauyi saboda da yawa daga cikin baƙin ta kallon Critical Role suka san wasan, shirin da masoyansa suka tara masa sama da dala miliyan 11 a shafin tara gudummawa na Kickstarter a 2019. Sukan zo da tsammanin jagoran unguwa, mai aikin yi da iyali, zai riƙa sauya murya goma yana saƙa labari kamar mutumin da sana'arsa ke nan. Ma'abota wasan har suna suka sa wa wannan tsammani, suna danganta shi da Mercer, ko da yake shi kansa ya sha roƙon mutane kada su auna jagoransu da shi. Ga kuma tsarin D&D da aka gina domin doguwar tafiya, matakai 20 da jarumi zai hau, abin da kan ɗauki shekaru ana haɗuwa. Alƙaluman da D&D Beyond ya taɓa fitarwa sun nuna mafi yawan jarumai ba sa wuce mataki na 10. Tafiye-tafiyen suna mutuwa ne a hanya, kuma a duk waɗanda na gani da idona, rashin samun ranar da kowa zai zo ne ya kashe su.

Saboda haka ni tambayar da nake ganin ta fi muhimmanci ita ce: daga cikin huɗun nan da ke zaune, ta yaya ɗaya zai zagayo bayan kwali? Hanyoyin da ake bi yanzu ba duka suke kaiwa can ba.

Akwai jagoran haya. A shafuka irin StartPlaying mutum yana biyan kuɗin kujera a kowane zama, jagora ya ɗauki abin a matsayin sana'a. Ban ga laifinsa ba, guminsa yake ci, wanda ya biya kuma ba ya fashi. Damuwata ita ce wanda ya saba biya a yi masa ya zama abokin ciniki, kuma ba kasafai yake tunanin wata rana shi zai yi wa wasu ba. Akwai kuma kwamfuta. Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian na Beljiyam ya fitar a 2023 a kan dokokin bugu na biyar, ya ba mutum duniyar D&D ba tare da jiran kowa ba, ƙarfe biyun dare in ya so. Wasu ma yanzu manhajojin ƙirƙirarriyar basira suke sa wa su ja musu ragama. Waɗannan suna jawo wasu zuwa teburi, na yarda, amma ga wanda abokai suka kawo shi tun farko, na'ura ba za ta ba shi abin da ya zo nema ba.

Inda nake sa rai shi ne wajen waɗanda suka rage wa jagora kaya. A 2007 Ben Robbins ya bayyana wani salo da ya kira West Marches: babu tsayayyar rana, babu tsayayyar tawaga, 'yan wasa sun haura goma, su ne za su haɗa kansu su zaɓi rana da inda za su nufa a taswira, sannan su sanar da jagora. Wanda bai zo ba, jaruminsa yana gari yana hutawa, labari bai tsaya ba. Wannan salo ya karɓi ɗan jefi-jefi yadda yake, ya kuma ɗora masa ɗan aiki. A Japan, inda wani wasan teburi mai suna Call of Cthulhu ya fi D&D farin jini, an saba da gajerun labarai da ake gamawa a zama ɗaya ko biyu. Ga kuma ƙananan wasanni irin Lasers & Feelings na John Harper, na 2013, wanda dokokinsa duka shafi ɗaya ne: jaruminka lamba ɗaya gare shi tsakanin 2 da 5, dayis mai fuska shida kawai ake buƙata. Shi kansa babban kamfanin, Wizards, yana tafiya ne da ƙafa biyu mabambanta. Littafin 'yan wasa na 2024 ya ƙara kauri, shafi 384 a maimakon 320 na 2014, amma akwatin masu farawa da ya fitar a 2025 an tsara shi yadda za a iya karɓa-karɓa wajen jagoranci. Wannan na biyun ya fi min duk wata manhaja mai walƙiya da za su sayar.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyanmu mu tsofaffin hannu, wanda ba kamfani ne zai yi mana ba. Mun mayar da jagoranci wani abu mai ban tsoro. Muna nuna tarin littattafai, muna gyara wa sabon jagora doka a tsakiyar wasa, muna ba da labarin dararen da muka raba muna shiri kamar lambar yabo. Wanda ya ga wannan daga kujerarsa me zai sa ya yi marmarin tashi?

A shekarata ta ƙarshe, gab da jarrabawa, na gaya wa teburina na gaji, a dakata sai an ga hali. Ɗakin ya yi shiru. Mai ɓarauniyar nan, ƙanwar abokina, wadda ta fi kowa fashi kuma ba ta taɓa riƙe sunan wani sarki ba, ta ce: "Yaya, wannan mai shafi ɗayan da ka taɓa nuna mana, yana nan? Ba ni in gwada, amma kada ka gyara min in na yi kuskure." Na buga mata shi a takarda. Asabar ta zagayo ta zo da dayis biyu da ta ciro daga kwalin ludo, da rabin shafi na abin da ta rubuta a motar haya. Sau biyu ta manta doka, ta yanke hukunci da ka, wasa ya ci gaba, ban ce uffan ba. Mu ma'aikatan wani kumbo ne, kyaftin ɗinmu yana kwance ba ya motsi, muka ci karo da wani jirgi yana yawo a sarari ba fitila. Ta kafa littafin karatunta a gabanta a madadin kwali, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce ƙofar jirgin ta buɗe da kanta, daga ciki kuma wani yana kiran sunana. Shekara biyu rabona da in zauna a teburi ban san abin da ke bayan ƙofa ba. "Yaya," in ji ta, "me za ka yi?"